Ki Gwada Keke da Ƙyallenki, Uwata

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiyarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki lafiya. Allah Ya tsare ki a 'yan kwanakin da sunka rage miki a gidanga, Ya tsare motar da za ta ɗauke ki, Ya tsare hanyar Tsamiya da ramukanta, Ya sa ki shiga gidan Nasiru da ƙafar dama. Amin.

Ba labari zan ba ki ba, labarin gidanga kin fi ni saninsa. Kuma kada ki yi mamakin uban da ke gida ɗaya da ɗiyarsa amma ya aiko mata takarda. Kin san ni da baki, a rumfa ba wanda ke kai ni surutu. Sai dai ke ɗiyar fari ce, ga shi sunan mahaifiyata kinka ci, in na tsaya gabanki da magana mai nauyi sai harshena ya zame ya koma wasa, ke kuma ki sunkuyar da kai ki ce to. Wannan "to" ɗin nake gudu. Bokon nawa ma a jikin shaguna da waya na tsince shi, ni allo da tawada na sani, don haka inda harafi ya karkace ki miƙe shi da kanki, ai tela ce ke.

Maganar keke ce.

Awakin da kinka yi kiwo tun kina ƙarama kin sayar, abin da ya shigo hannunki kuwa na abu guda ne: ko ki gyara tsohon keken ɗinkina, Na-Lafagu, ki tafi da shi, ko ki sayi sabo marar tsada. Ba zai yi duka biyun ba, kuma babu wasu awaki a turke. Ga shi za ki shiga Tsamiya gab da azumi. Kin san halin mata, in amarya tela ta zo gari kowace sai ta ɗauko ƙyalle guda ta kawo ta gani. Wanda kinka fara ɗinkawa shi za a yi ta ɗagawa ana dubawa a gidan suna da bakin rijiya. In ya fito sumul, kayan Sallar unguwa naki ne. In ya fito a tattare, sai kin yi shekaru kina jin ana cewa ai ita ce ta ɓata wa wance mayafi.

Na sa innarki ta tambaye ki wanne kike so, ni ina bayan zana ina saurare. Na ji kin ce, "Na Baba zan gyara." Uwata, na san muryarki. Da wannan muryar kike cewa to in an miƙo miki jiƙon maɗaci. Kuma innarki ta gaya mini ran kasuwar Bagudo kin tsaya gaban mai kekuna, kina juya hannun wani baƙin keke kina saurarensa, har sai da ta ja miki hijabi.

Ni na ɗaure ki, a gaban mutane kuwa. Ran da dangin Nasiru sunka zo sa rana baki ya ɗebe ni, na bugi ƙirji na ce ɗiyata ba za ta fita gidanga ba sai da keken da ya ciyar da ita. Anka yi ta sa albarka, ni kuma ina jin daɗin kaina. Ban tsaya na tambayi ko keken zai iya aikinki ba. Zan dawo kan wannan. Bari in fara da wautar da na yi tun kina goye, don ki san ba ƙin sabo nake ba, ba kuma son tsoho ba.

Na-Lafagu a hannun wani dattijon tela na Lafagu na saye shi, shi ya sa sunan. Tun ran da na ɗauko shi tsoho ne, baƙi, zanen jikinsa ya goge, ga nauyi kamar dutse. Yana aiki ba ya gardama. Amma ni a lokacin yaro ne mai son a kalle shi. Wata shekara shinkafa ta yi kyau, na sayar, na hau babur na ƙetara iyaka zuwa kasuwar Segbana, wai in sayo wa innarki atamfa. Can na gan shi. Fari sol, da furanni ruwan zinari, da wani maɓalli da in ka murɗa sai ya yi ɗinki kamar tafiyar maciji, ka ƙara murɗawa ya yi kamar haƙoran zarto. Mai kayan ya ga na tsaya, ya taso da Hausarsa mai gauraye da Dandanci.

"Maigida, zauna ka taka. Wanga ba keke ba ne, jirgin sama ne."

Ya zaro wani ɗan ƙyalle daga aljihunsa, mai laushi, ba kauri ba sirantaka, ya sa ƙarƙashin allura. Na taka. Wallahi Uwata, kamar ana zuba ruwa, ba ƙara ba tsallake. Na ɗaga kan keken da hannu ɗaya ya taso, na ce a raina yau na huta da ciwon baya. Ban buɗe cikinsa ba, ban tambayi komai ba. Atamfar innarki dai ba ta zo ba, ki tambaye ta, har yau ba ta manta ba.

Na ɗaure shi a bayan babur ban rufe ba, da gangan. A Kende sai da na tsaya shan ruwan da ba ƙishirwarsa nake ji ba, don dai a taru. Da na iso na sauke Na-Lafagu daga kan teburinsa na tura shi ƙarƙashin gado, har da yi masa tsiya, na ce tsoho a huta lafiya.

Ina cikin yi wa 'yan unguwa ɗinkin maciji a bakin aljihu kyauta, sai ga Bello, wani Bafulatani daga rugar bayan Geza da na daɗe ina yi wa gidansu ɗinki. Ya zo da saƙi, irin mai kaurin nan da sanyi ba ya ratsawa, a haɗa masa riga. Na ce zauna ka ga abin mamaki. Keke ya kama tafiya yana nishi, na ƙara masa ƙafa. Da munka iso wuyan riga, inda saƙi ya ninku ya hau kan ɗan'uwansa, sai na ji ƙas! Ƙafata na takawa, bel na juyawa, allura ta tsaya cak a sama kamar mai jiran izini.

Bello ya leƙo ya duba, ya dube ni. "Tela, keken naka azumi yake, ko saƙin Fulani ne ba ya ci?"

Na ɗauka na kai wa Baba Manu, taubashina, wanda duk keken ɗinkin da ya yi ciwo a garinga shi ake kai wa. Ya kwance ya leƙa, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya zaro wani ɗan faifai mai haƙora ya ɗora mini a tafin hannu. Roba ce, haƙoran sun kakkarye.

"Bawana," ya ce, "bokiti ka sayo mai allura."

Na nemi 'yar robar nan a Bagudo babu, Kaoje babu, na ba direba sautu Birnin Kebbi ya dawo ya ce ba su taɓa ganin irinta ba. Na koma Segbana, inda mutumin ya shimfiɗa kayansa na iske mai sayar da manja. Anka ce ai ɗan bin kasuwanni ne, ya yi kudu. Farin keken nan kin san ƙarshensa, shi ne kinka taso kina ganin kazar innarki na ƙwai a bayansa.

To ga abin da na koya, ki riƙe. Mutumin nan ba ƙarya ya yi mini ba, keken ya ɗinka ƙyallensa. Ƙyallen nasa ne ba irin na mutanena ba. Shi ya zaɓo abin da keke ke so ya ba shi, masu kawo mini aiki kuwa ba ruwansu da abin da keke ke so. Don haka kada ki taɓa gwada keke da ƙyallen da ya fito daga aljihun mai keke, ki je da naki. Ki ɗaga kan ki ji nauyi, ki kwantar da shi ki leƙa ciki, in kin ga roba a inda ya kamata ƙarfe ya ciji ƙarfe, ki yi masa sallama. Sannan ki tambayi abin da ban tambaya ba: allurarsa, da bel ɗinsa, da ƙoshiyar da ke ɗauke da zaren ƙasa, ana samunsu a teburin mai kayan tela na Tsamiya? Kada ki yarda da "akwai su a ƙetare". Kin ga dai lokacin da anka rufe iyaka, ba wanda ya zo ya yi shawara da teloli.

Da na jawo Na-Lafagu na share masa ƙura na ba shi haƙuri, sai kuma na koma ɗaya gefen wautar. Na ɗauka tsohon ƙarfe ba abin da ke kashe shi. Zaman ƙarƙashin gado ya sa ya yi tauri, yana kuka in an taka, kamata ya yi in kai wa Manu ya wanke. To amma a kwanakin na yi wa Manu aika-aika. Ya kawo wandonsa in rage masa tsawo, ni kuma na ɗinke bakin ƙafafun duka biyu da ɗinki mai kyau, na ninke na ba shi. Ran Juma'a ya tashi sawa ana kiran salla, ya zura ƙafa ta ƙi fita, ya yi ta tsalle a tsakar gida har ya faɗa kan turmi. Ya aiko mini cewa in na kuskura na tako rumfarsa sai ya kwance ni kamar keke.

Sai na ce ai mai mai ne. Innarki tana tuyar ƙuli-ƙuli, na ɗebo man gyaɗa a murfin kwalba na bi kowane rami na keken na ɗiga, har inda ba rami ba. Ya saki jiki kuwa ya yi ta gudu, na ce Manu ya riƙe rumfarsa. Ba a jima ba man ya daskare, ya kama ƙurar zare ya zama kamar ƙaro. Kiyashi sunka gano, sunka yi layi daga bakin ƙofa har kan allura. Duk wannan da sauƙi. Babbar rigar liman anka kawo, fara, in kama mata aljihu. Allura na sauka tana barin ɗigon rawaya, ban lura ba sai da na gama. Na wanke na shanya, tabon ya ɗan ɓuya amma ƙamshin ya zauna. Liman mutum ne mai kawaici, ya sa abarsa ya ja salla. Ladan ne ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Shu'aibu, sahun gaba yau duk yunwa munka ji."

Haka na ɗauki keke a ka na tafi rumfar Manu da goro. Ya bar ni tsaye a rana sai da ya ga na yi laushi, sannan ya jiƙa shi a kananzir ya wanke gaɓa-gaɓa. Yana aiki yana zagina, a nan ya nuna mini abin da nake so ki sani. Ya ce ciwon keke iri biyu ne. Akwai na sama-sama: bel ya saki, allura ta lanƙwashe, ƙoshiya ta cinye, datti ya taru. Wannan ko sau nawa ne a gyara, wanda duk ya yar da keken ƙarfe saboda irinsa ya yi asara. Akwai kuma ciwon ƙashi. Ya kama sandar da ke riƙe allura da yatsu biyu ya girgiza ta gefe da gefe, a lokacin ko motsi ba ta yi ba. Ya ce, "Ran da ka ji wagga tana rawa a gidanta, ƙarfe ya cinye. Daga nan ba gyara ake ba, lallashi ake."

Don haka man keke shi kaɗai za ki sa wa keke, farin nan mai kamar ruwa, ɗigo kaɗan, ki goge, ki fara taka tsumma kafin kayan mutane. Ko Nasiru ya kawo miki na babur ki ce ya mayar. Kuma ki sa shi ya san mai gyara a Tsamiya tun keke na lafiya, ya riƙa gaishe shi. In ma jinin ubanki ya motsa kinka ji kina son tsokana, ki bari sai an ɗaure kusa ta ƙarshe.

Yanzu in dawo kan maganar da na ajiye.

Shekarun nan da kinka taso kina gani, wane aiki Na-Lafagu ke yi? Buhunan shinkafar Geza in kaka ta yi, tamfol ɗin masu jirgin ruwa, mangalar jakai, saƙin su Bello, wandunan noma da ake ɗora wa faci kan faci. Ni da kaina na sa Manu ya ɗaga masa haƙoran da ke jan ƙyalle ya wasa su, don ya riƙa jan abu mai kauri. A kansa kinka fara koyo, tun ƙafarki ba ta kai feda ba na ɗaura miki guntun icce. Amma ki tuna, ragowar yadin wando nake ba ki. Ɗinkin matan da kinka ƙware a kai, mayafi da leshi da yadin nan masu santsi, a gidan da kinka je koyo kinka yi shi, a kekensu.

Ban taɓa haɗa waɗannan biyun a kaina ba sai da na ji muryarki ta bayan zana. Washegari da hantsi innarki ta shiga maƙwabta barka, ta bar mayafinta a kan igiya, shuɗin nan marar nauyi da take ji da shi. Na tuna aljihun mutumin Segbana. Na ce bari in gwada kekena da ƙyallen da ba shi ya zaɓa ba. Na ɗauko mayafin na sa gefensa ƙarƙashin allura, niyyata in ɗan taka kaɗan in warware, ba wanda ya sani.

Uwata, cinye shi ya yi. Haƙoran sunka cafke shi kamar akuya ta samu ganye, sunka tattare shi sunka tura rami, allura ta bi tana huda inda ta ga dama. Kafin in ɗage ƙafa ya ci kusan kamu guda. Ina cikin zaƙulo shi da sukurudireba sai ga inuwa a ƙofar rumfa.

"Malam, mene ne wannan a bakin dodon naka?"

Na ce, "Bincike nake."

"Da mayafina? Wanda zan sa ran wunin biki?"

Na ce ai don amaryar nake yi.

"Buhunan Geza sun ƙare ne, ko tsufa ne ya zo maka ta hannu tun gemu bai yi fari ba?"

Ta fizge abin da ya saura ta shige. Tun ran nan furata ke zuwa tsararo, nono sai dai in ji labarinsa.

Na aika anka kira Manu. Na ce ya sauke haƙoran ya mayar da shi keken mata. Ya ce wannan mai sauƙi ne. Sai ya kama sandar allura da yatsu biyu kamar yadda ya yi shekarun baya, ya girgiza. Na ji ta da kunnena tana rawa.

"Tun yaushe?" na ce.

"Ta jima. A buhu wa zai gani? In allura ta kauce, shinkafa ba ta kai ƙara. A mayafi kuwa kowane sawu sai ya nuna." Ya goge hannu. "In kana so in karɓi awakin ɗiyarmu in yi masa ciko, zan yi, zai kai ta tsakiyar azumi. Daga nan sai ta ɗoro shi a mota ta aiko mini, kayan mutane na tule a ɗakinta. Ni dai ba zan so a ce ni na yi mata haka ba. Kai kuma bawana, cika bakinka kake so ta ɗauka a ka har Tsamiya."



Bayan ya tafi na daɗe ina kallon keken nan. Shi ya sayi ragon sunanki, shi ya rufa mana asiri shekarar da ruwa ya cinye shinkafa. Na so a ce abin da ya riƙe ni shi zai riƙe ki, don in ji kamar na bi ki can. A da na sayi keke don a kalle ni, yanzu kuma na so in ba da keke don a yabe ni, gemu ne kawai ya ƙaru. Na-Lafagu bai mutu ba, zai ci buhu har in tsufa. Aikinki ne ba nasa ba.

Saura maganar da na yi gaban mutane, na san ita ta fi damunki, kada a ce kin raina kyautar uba. Na hau babur na tafi Tsamiya, na iske mahaifin Nasiru a ƙofar gida da 'yan'uwansa. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa. Na gaishe su na ce maganar keken da na yi alkawari na zo janyewa, ba zai iya aikinta ba, sabo za ta saya. Na sunkuyar da kai ina jiran a yi salati.

Sai dattijon ya fashe da dariya. "Haba Shu'aibu! Don wannan ka ƙona mai? Ai mu tun ran nan mun ɗauka cikin wasanninka ne. Wa zai raba ka da wancan keken? Har ƙanena ya ce in kayan sun iso a duba da kyau, kada a iske dutsen niƙa a naɗe."

Anka yi ta dariya, ni ma na yi. A hanyar dawowa dai ban yi ba. Shekara da shekaru ina tsokanar mutane, ran da na faɗi magana da dukan zuciyata ba wanda ya ɗauka sai ke. Ke kaɗai kinka ɗauke ta da nauyinta, har kina shirin zuba awakinki a kanta. Wannan ya ishe ni, Uwata. Kin riga kin karɓi kyautar, ƙarfen ki bar mini. Ke dai ki koya daga nan, in za ki sa wa mace ranar karɓar ɗinki ki faɗi wadda za ki cika, kada ki wayi gari irina, gaskiyarki ma a ɗauka wasa ce.

Tare da takardar nan za ki ga wani zirin ƙyalle da na haɗa da allurar hannu. Kada ki ɗauka tsiya ce, ko da yake ya yi kama. Guntun mayafin innarki ne a farko, wanda na ƙwato daga bakin dodon, sai leshi, sai yadi mai santsi, sai shadda, sai atamfa a ninke inda ɗinki ya hau kan ɗinki. Wannan zirin shi ne matan Tsamiya tun ba ki gan su ba.

Ran kasuwa, kafin a sa ki a lalle, ki tafi da innarki da Baba Manu. Ni ba zan je ba, in na je sai na yi magana. Ki nemi baƙin keke na ƙarfe, mai feda, mai ɗinki miƙe kawai, wanda ba ruwansa da wuta, don kin san wutar lantarkin can baƙuwa ce. Kada furanni su ja ki, kada ɗinkin maciji ya ja ki. Sabo marar tsada ba zai kai Na-Lafagu ƙarfi ba, wannan gaskiya ne, kuma a cikinsu ma wani ya fi wani ko da kamanninsu ɗaya. Shi ya sa ba za ki karɓi wanda ke rufe cikin kwali ba, wanda kinka taka shi za ki ɗauka. Ki zauna, ki sa zirin daga wajen mayafi, ki taka a hankali har ki haye atamfar ba tare da kin ja da hannu ba. Ki juya bayan ki duba ko zaren ƙasa ya kwanta kamar na sama. In mai kaya ya zaro nasa ƙyallen ki ce an gode. In ya ce ba a gwadawa ki tashi, ba shi kaɗai ke da rumfa ba. Manu zai girgiza sanda ya leƙa ciki, amma ƙafarki ce za ta zauna da keken, ke za ki ce wanga.

In kuma kinka taka duka ba wanda ya haye zirin, kada ki saya don kunyar an fito. Ki dawo da abinki a ɗaure a jira wata kasuwar, ko da bayan kin tare ne.

Abu guda nake roƙo. In keken ya shigo gidanga, kafin a naɗe shi cikin kayan ɗaki, ki kafa shi a tsakar gida ki yi bismilla ki fara da mayafin innarki. Yadin na saya, shuɗi, yana wajen Manu, don in na kawo da hannuna ba za ta karɓa ba. Ki kama bakinsa siriri yadda kinka iya, ta samu na sawa ran wuni, ni kuma in samu nono a fura. Ba zan shigo ba, ina bayan zana inda na saba. In na ji keke na tafiya ba tsallake, na kuma ji kina 'yar waƙar nan da kike yi ƙasa-ƙasa in aiki na yi miki daɗi, to na ji amsar da ba ki ba innarki ba ran nan.

Allah Ya sa albarka a idonki da hannunki da ƙafar da za ta taka. Ya tsare yatsunki daga allura, Ya tsare ki daga mai kawo ɗinki ran jajibirin Sallah. Ya ba ku zaman lafiya ke da Nasiru, Ya kiyaye shigarki da fitarki, Ya sa duk ran da kinka nufo Bagudo ki iske mu lafiya, ni da innarki da tsohon ƙarfen nan. Amin, amin.

Wassalam.

Ɗanki kuma ubanki,
Shu'aibu Tela, Bagudo.